Igiyar Shanya

Shekara talatin da ɗaya ina wanki a unguwar manya,
tun gidajen nan ba katanga, sai shingen lalle.
Ni ne Ɗan'azumi, haihuwar Rafindadi.
Ban yi boko ba,
igiyata ce ke karanta mini unguwa.

Da can magana ɗaya take yi:
farar shadda, farar shadda, farar shadda,
sai wagambari ran Juma'a.
Ko ido rufe na san mai riga da turarensa.

Yau zo ka ga igiya.
Ga wandon Mista Can, mutumin Sin mai aikin layin dogo,
gwiwa duk jar ƙasar hanyar Jibiya,
sai ya kwana a ruwa yake sakin ta.
Ga sarin matar Dakta Raman, kamu shida,
shi kaɗai ya cinye rabin igiya.
Iska na kaɗa shi ya shafi zanen Madam Uchenna mai kantin magani,
ban taɓa jin sun yi cacar baki ba.
Hular Baba Akande na banki, mai kwanciya gefe guda,
na taɓa miƙar da ita da dutsen guga,
ya yi dariya har da riƙe ciki.
Rawanin Agali nake bari ƙarshe, don yana zuba.
Gadi ya kawo shi layin nan,
yau tirelarsa biyu ke zirga-zirgar Maraɗi,
har yanzu a bakin ƙofa yake dafa shayi.

Aljihu ba ya ƙarya.
Kafin in tsoma riga sai na lalube ta.
Na tsinci kuɗi mai hoton wanda ban sani ba,
na tsinci rasiɗin cin dare ɗaya
da ya fi gawayina na wata uku.
Na mayar. Kowa na mayar masa.

A aljihun Alhaji Mu'azu kuwa,
tsohon babban sakatare,
wanda sa hannunsa ya raba filayen nan,
takardar magani na gani, an ja layi a kan biyu,
an bar uku sai wani watan.
Riga sha huɗu yake aiko mini a mako, da.
Yanzu uku ne, wuyan ɗaya ya fara furfura.
Ya ba Mista Can hayar babban gidan,
ya koma ɗakunan baya, inda kukunsa ya zauna.
Mangwaron da ya dasa na zubar wa ɗan haya.
"Riƙe lissafi, Ɗan'azumi, fansho bai shigo ba."
Ina riƙe. Kaina ne littafin.

Ni ma unguwar ta tofar da ni.
Haya ta hau, na sauka Shinkafi,
keke ke kawo ni kafin rana ta leƙo.
Madam ta sayo injin wanki, ranar ban ci tuwo ba,
sai ga wuta ta yi mini gata, ta ɗauke kwana tara.

Jiya ƙaramar 'yar Dakta ta tsaya kaina,
ta ce, "Baba, ina za ka tahi da kayanmu?"
Katsinanci tsantsa, kamar jikar 'yan Ƙofar Soro.
Ɗan Madam ya gyara mata karin magana,
jikan Alhaji na gefe yana lissafi da yaren Mista Can.
Na rasa wa zan yi wa dariya.

Hadari ya taso daga gabas.
Na kwashe su duka a ƙunshi ɗaya,
sari da shadda da kakin layin dogo,
ɗumin rana ɗaya a jikinsu.
Na hura gawayi.
Rigar Alhaji zan fara gogewa, tun dutse na da zafi,
in ƙara mata sitati,
ta tsaya da kanta gobe a masallaci.